Kafin ka ɗauko injin Beljiyam a Ƙofar Ruwa

Waɗannan tambayoyin na amsa su a gareji har bakina ya gaji. Ga su nan wuri guda, wanda ya sake yi min ɗaya daga ciki nan zan turo shi.

Injin motata ya buga. A ina zan samu wani?

Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, inda ake sayar da injin Beljiyam, wato wanda aka yi amfani da shi a ƙasar waje aka shigo da shi. Idan babu irin naka, masu shagon za su sa a ɗoro shi daga Ladipo a Legas. Amma kada ka biya cikakken kuɗin abin da idonka bai gani ba.

Nawa ne?

Farashin yana bin dala, na safe daban na yamma daban. Ka zaga shaguna uku, ka tambaya.

Duk injin Corolla ai ɗaya ne ko?

A'a, Alhaji. Corolla ta 2003 zuwa 2008 da aka shigo da ita daga Amurka tana ɗauke da inji mai lamba 1ZZ mai lita 1.8, ta Turai kuwa sau da yawa 3ZZ ne mai 1.6 ko 4ZZ mai 1.4. Da ido kamar tagwaye suke. Lambar tana jikin bulok, wato gangar jikin injin, ka ɗauki hotonta a wayarka kafin ka fita. Ka duba bakin wayoyi da na sensa, ka tabbata za su hau kan na motarka, ka kuma faɗa musu giyarka atomatik ce ko ta hannu.

Bakanikena ya ce in ba shi kuɗin ya je shi kaɗai.

Ku tafi tare. Ba na ce ɓarawo ba ne, amma a kasuwa akwai kamasho, kuma wanda aka sa wa wani abu a aljihu idonsa ba ya ganin aibi sosai. Ka biya shi kuɗin rakiya da hannunka.

Injin yana ƙasa, ba a jikin mota ba. Ta yaya zan gane na Beljiyam ne na gaske, ba na gida da aka yi wa kwaskwarima ba?

To, wannan ita ce tambaya. Gaskiya babu wanda zai rantse maka a kan injin da bai ji kukansa ba, ko ni. Alamu kawai ake tarawa, kuma kowace tana iya yaudararka.

Fara da notika. Idan kawunansu sun cinye, ko ka ga silikon ya tsattsafo ta gefen tof (saman injin) ko kaskon mai na ƙasa, an taɓa buɗe shi. Buɗewa ba lallai ta zama aibi ba, a can Turai ma ana gyara, sai dai mai shagon ya daina kiransa "ba a taɓa shi ba". Injin da aka wanke yana ƙyalli kamar kwanon amarya ni tsoro yake ba ni fiye da mai ƙura, domin wanki yana ɓoye inda mai ke yoyo. Na gida kuma sau da yawa za ka iske jan ƙasa ta maƙale a lungunansa, an cire masa tamostat (abin da ke daidaita zafin inji), hanyar ruwansa ta yi tsatsa saboda ruwan rijiya da aka riƙa ɗura masa.

Sai ka buɗe murfin baƙin mai, ka haska da tocila. Idan ka ga baƙin dasƙararren abu kamar kwalta, mai shi na farko ba ya juye a kan lokaci. Idan ka ga fari-fari kamar madara, ruwa ya haɗu da mai, galibi gaskit ɗin da ke tsakanin tof da bulok ne ya ƙone. Na ce galibi, domin injin da ya daɗe a ajiye yana iya tara ɗan gumi a murfin kawai. Ka zaro sandar awon mai ka gani, in can ma madarar ce, ka bar shi.

A kwance filogi duka. Wanda ya jiƙe da mai yana nuna zobban fistin sun gaji. Wanda ya fi 'yan uwansa tsabta fes, wataƙila ruwa ke wanke shi. Sannan bakanikenka ya sa sifana a kan fulin karanshaf ya juya shi zagaye biyu. Ya kamata ya juya ba tare da cijewa ko ƙara ba. Idan mai shago zai yarda a ɗaura batir a gwada matsin kowace silinda da ma'auni, ya fi komai: kada wata ta bambanta da sauran da fiye da kashi 10 cikin 100. Ba kowa ke yarda ba, kuma ƙin yardar ba hujja ba ce cewa injin ya lalace, wani ƙiwa ce kawai. Amma ni nakan matsa shago na gaba.

Duk da haka, sai ka yi wannan duka injin ya ci mai bayan an ɗora. Injin 2AZ na Camry ta 2007 zuwa 2009 an san shi da wannan hali tun daga can.

An ce min akwai garanti.

Da baki? Wannan ba garanti ba ne, hira ce. A rubuta a rasit: lambar injin, kwana nawa, daga wace rana ake ƙirgawa, kuma in bai yi ba canji za a yi ko mayar da kuɗi. Ka tambayi wa zai biya kuɗin saukewa. Lambar nan a rasit ita za ta cece ka ranar da 'yan sanda suka ga ta saɓa da takardun mota. Kuma ka ɗora shi a ranar ko washegari, kada ka ajiye shi a gida kwanakin su ƙare.

An ɗora, yana hayaƙi. Na shiga uku?

Kwantar da hankalinka. Mintunan farko man da ya kwanta ne ke ƙonewa. Idan ya yi zafi bai daina ba, duba launin: shuɗi mai yake ci, fari mai kauri ruwa ne, baƙi kuwa fetur ne ya yi yawa, shi wannan ana gyarawa ba sai an sauke ba. Shuɗi ko fari, ɗauki rasit ka koma.

Shi ke nan na huta?

Me ya kashe na farkon? Wannan ba wanda ke tambayata. Idan lagireto ne ya toshe ko fanka ba ta juyawa, zafin watan Afrilu da cunkoson Kurna za su gasa sabon kamar yadda suka gasa tsohon. A wanke lagireto, a sa sabon mai da sabuwar filta. Idan injin mai bel ɗin taimin ne, irin na Peugeot 406, a canza bel ɗin tun yana ƙasa.