Tsoffin Kunyoyin Ingila da Zaizayar Ƙasa

Tsoffin kunyoyin Ingila sawun huɗa ne da manoman tsakiyar ƙasar suka bari tun ɗaruruwan shekaru da suka wuce, wanda har yau ake gani a makiyayar gundumomin Leicestershire, Northamptonshire da Warwickshire. Da yamma, in rana ta karkata inuwa ta kwanta cikin kwari, sai filin ya yi kamar an jera tudu bayan tudu an lulluɓe da ciyawa.

Ba irin kunyar gero ba ce da ake huɗawa sabuwa kowace damina. Kunya ɗaya takan kai tsawon kusan mita 200, faɗinta daga mita 5 zuwa 20, a kan bayanta ake shuka alkama, sha'ir da wake. Garmar zamanin hannun dama kaɗai take jefa ƙasa, don haka manomi ya fara daga tsakiyar gonarsa yana kewayawa, ƙasa tana ta taruwa a tsakiya shekara bayan shekara har ta zama tudu. Shanu takwas kan ja garma ɗaya. Juya su a bakin gona aiki ne, sai an fara karkata su tun kafin a isa, shi ya sa kunyoyin suka lanƙwashe a ƙarshensu.

Ƙasar yankin yumɓu ce mai riƙe ruwa, damuwar manomi kuwa ruwa ya fita. Saboda haka aka miƙe kunyoyin bin gangare, kwari ya zama magudana. Amfanin gona ya tsira daga jiƙa, amma ruwan bai tafi shi kaɗai ba. Ya kwashi ƙasar sama ya zuba a fadamu, kuma masu binciken kufai sun sami laka mai kauri ta wancan zamani a kwarin kogunan Thames da Nene. A ƙasar Hausa malaman gona akasin haka suke koyarwa: a huɗa a gicciye da gangare don ruwa ya tsaya ya nutse.

Abin da ya ceci kunyoyin Ingilan shi ne barin noma. Bayan babbar annobar da ta auka wa Ingila a shekarar 1348 mutane sun ragu ƙwarai, aka mai da gonaki da yawa wurin kiwon tumaki, daga baya kuma dokokin killace filaye na ƙarni na 18 da na 19 suka ƙara yawan makiyaya. Saiwar ciyawa ta ɗaure ƙasar tam.

Babbar asarar kunyoyin ta zo lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da gwamnati ta sa a nome makiyaya don abinci, sannan manyan taraktoci suka biyo baya. Abin takaici ne ƙwarai, domin huɗar 'yan shekaru ta isa ta baje abin da ya tsaya shekara 600, ta bar ƙasar tsirara ga ruwan sama. Sai dai a ƙauyen Laxton na gundumar Nottinghamshire har yau ana noma bisa tsohon tsarin zamanin kunyoyin, wato rabon gonaki a buɗaɗɗen fili.