Ƙa'idar gane ko babbar lamba za ta rabu gida 24 a zaman rabon gado

A unguwanninmu na Kumasi, irin su Aboabo da Asawase, idan aka zauna rabon gado bayan an biya bashin mamaci an fitar da wasiyya, malami kan fara nemo asalin mas'ala, wato lambar da za a kasa dukiya a kanta. Idan mamaci ya bar mata da uwa da uba da ɗa namiji, matar tana da tumuni, wato ɗaya bisa takwas, uwa da uba kowanne yana da sudusi, wato ɗaya bisa shida, kamar yadda ayoyi na 11 da 12 na Suratun Nisa'i suka bayyana, kuma lamba mafi ƙanƙanta da 8 da 6 suke shiga cikinta ita ce 24. Abin da ya rage shi ne a san ko kuɗin da ke ƙasa zai rabu gida 24 ba tare da saura ba.

A ɗauka an bar sidi 187,416 na kuɗin Gana. Gwaji biyu ne, na 8 da na 3, domin 24 uku ce sau takwas. Na farko, a dubi lambobi uku na ƙarshe kaɗai, wato 416: tun da sun rabu gida 8, kowane gida ya sami 52, to duk lambar ta rabu gida 8, domin dubu ita kanta 125 ce sau 8, kuma duk abin da ya haura ɗaruruwa tarin dubbai ne. Na biyu, a tara lambobin ɗaya bayan ɗaya: 1 da 8 da 7 da 4 da 1 da 6 sun ba da 27, wadda 3 take shiga cikinta. Dalilin wannan shi ne goma tara ce da ɗaya, ɗari kuma 99 ce da ɗaya, 3 kuwa tana shiga cikin 9 da 99, saboda haka kowane gurbi ba ya barin saura sai gwargwadon lambar da ke zaune a kansa. Tun da ta wuce gwajin biyu, ta rabu gida 24, kaso ɗaya ya zama 7,809. Matar ta ɗauki kaso uku, 23,427, uwa da uba kowanne kaso huɗu, 31,236, ɗan kuma ya tafi da kaso 13 da suka rage, 101,517.

Akwai kuskuren da na sha gani, kuma yana damuna domin haƙƙin marayu ne a ciki. Wani sai ya gwada 4 da 6, ya ce ai huɗu sau shida 24 ne. Wannan gwaji ba ya tabbatar da rabuwa gida 24, domin 4 da 6 sun yi tarayya a 2, shi ya sa 12 take rabuwa da dukansu amma ba ta rabuwa gida 24. Ita kuwa 3 da 8 ba su haɗa komai ba sai ɗaya.

Dattawan da har yanzu suke ƙirga da tsohon kuɗi, tun kafin Babban Bankin Gana ya cire sifili huɗu a watan Yulin 2007, za su kira wannan dukiya 1,874,160,000. Ƙarin sifili yana sauƙaƙa rabuwa gida 8, amma ba ya taɓa jimillar lambobin, don haka kuɗin da 3 ba ta shiga cikinsa ba zai rabu ba ko an mayar da shi pesuwa, wato ƙananan kuɗin da ɗarinsu suke yin sidi ɗaya. A nan ne malami yake bayyana wa magada sauran da ya rage, su yafe wa juna shi da bakinsu kafin a tashi daga tabarma.