Ma'anar kwanbeyansin, da dalilin da ya sa takardar mai unguwa kaɗai ba ta isa

Duk wanda ya taɓa zama gaban lauya kan cinikin gida ko fili zai ji ya ce sai an yi kwanbeyansin, kai kuma ka gyaɗa kai kamar ka gane alhali a ranka kana cewa wani cajin ne dai ya ƙirƙiro. To kalmar daga Ingila ta zo mana tare da tsarin shari'arsu, har gobe lauyoyin Arewa na kafa hujja da wata dokarsu ta 1881 kan wannan harka. Ma'anarta a taƙaice ita ce duk hidimar da ake yi don haƙƙin gida ya bar sunan mai sayarwa ya koma sunan mai saye a idon hukuma, tun daga bincike, rubuta yarjejeniya, neman yardar gwamna, har zuwa rajista. Biyan kuɗi da karɓar mukulli ɗan ɓangare ne kawai a ciki.

Mu yadda muka saba ai kowa ya sani. Dillali ya haɗa ku, a yi ciniki, ka ba da kafin alƙalami, ranar cikon kuɗi a zauna a zaure a yago takarda a rubuta "ni wane na sayar wa wane gidana mai ɗaki huɗu, gabas ya yi iyaka da gidan wane, yamma da lungu", shaidu su sa hannu, mai unguwa ya buga hatimi, a ba dillali la'adarsa, a shafa fatiha. Wannan takarda tana da amfani, kar wani ya ce maka banza ce, tana nuna ka biya kuma an damƙa maka. Amma ba ta canja komai a fayil ɗin ma'aikatar ƙasa, can sunan mutumin farko ne ke nan zaune daram.

Abin da ya sa haka shi ne dokar amfani da ƙasa ta 1978, wadda aka yi zamanin mulkin soja na Obasanjo. Sashe na 1 ya ce duk ƙasar jiha tana hannun gwamna a matsayin amana ga jama'a, wato ni da kai abin da muke da shi izinin zama ne da mora, shi ya sa satifiket ɗin da ake kira C of O yawanci shekara 99 ake rubutawa a jikinsa, kuma ana biyan kuɗin ƙasa duk shekara. A Arewa ma wannan ba baƙon abu ba ne, tun 1910 Turawa suka ɗora ƙasa a hannun gwamna, sai dokar 1962 ta ci gaba a kan haka. Sashe na 22 kuma ya ce mai irin wannan izini ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da yardar gwamna, sashe na 26 ya ƙara da cewa cinikin da ya saɓa wa dokar rusasshe ne. Kotun ƙoli ta tabbatar da maganar a 1989 a shari'ar bankin Savannah da wani mai suna Ajilo, inda jinginar ta rushe don ba a nemi yardar ba. Ka ga idan banki guda da lauyoyinsa ya sha ƙasa a kan wannan, ina ga ni da kai.

Tambayar da aka fi yi ita ce, ai ya ba ni satifiket ɗin na asali, me ya rage kuma? Saura da yawa. Satifiket da sunan wani a hannunka kamar ka riƙe katin ATM ɗin maƙwabcinka ne. Sai lauya ya rubuta takardar miƙa haƙƙi wadda suke kira did of asaimen, ku biyu ku sa hannu, a kai neman yardar gwamna, a biya harajin kan sarki, sannan a yi rajista a hukumar adana bayanan ƙasa, wato KANGIS idan Kano ne, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja, inda can ministan birnin tarayya ne ke ba da yardar. Kuɗin ya danganta da jiha da ƙimar da suka yi wa gidan, kuma gaskiya yana ɗaukar lokaci, shi ya sa mutane ke gudu su koma rubuta takardar wakilci, pawa of atoni. To ita wannan wakili ta mayar da kai, kotuna sun sha faɗa cewa ita kaɗai ba ta miƙa mallaka.

Ni dai inda na fi ganin amfanin lauya shi ne bincike kafin ka saki ko sisi. Zai je ya buɗe fayil ya ga sunan wa ke ciki, an jinginar wa banki ko a'a, akwai bashin kuɗin ƙasa, an soke izinin, akwai shari'a a kansa. Sannan a ɗauki safiyo ya je ya duba lambar fuloti da duwatsun iyaka, saboda ana iya nuna maka fili mai kyau bakin titi alhali takardar ta wani ce can baya kusa da kwari. Filin awon igiya kuwa nasa ciwon kan daban, tunda babu fayil ɗin da za a buɗe, sai dai ka bi dagaci da maƙwabta ka ji tarihin gonar, ka kuma tambaya ko gwamnati ta shata hanya ta wajen. In aka zo karɓa don amfanin jama'a, diyyar da doka ta tanada ta gini ce da amfanin da ke kai, tsurar ƙasa ba a biyanta.

Gidan gado shi ne inda aka fi kuka. Wani kawuna ya sayi gida wajen babban ɗan mamaci, mutumin kirki da kowa ke gaisarwa a masallaci, ya ce ai duk ƙannensa sun amince. Kawu ya biya, ya fasa bango ya fitar da shago biyu, ya yi siminti da fenti, sai bayan kusan shekara biyu ga sammaci daga kotun shari'a, ashe akwai ƙanwarsu da ke aure a wani gari wadda ko labarin cinikin ba ta ji ba. Alƙali ya tambaya ina takardar rabon gado, babu, ina sa hannunta, babu. Kuma a mazhabar Malikiyya akwai shuf'a, wato mai tarayya a gidan da ba a raba ba yana da ikon mayar wa mai saye kuɗinsa ya karɓi kason da aka sayar. Don haka in gidan gado ne ka nemi takardar rabo daga kotu, ko duk magada maza da mata su sa hannu, in da marayu ƙanana a ciki kuma kar ka taɓa sai da izinin alƙali.

Sai masu cewa lauyan mai gida ya riga ya rubuta komai, mu raba kuɗinsa kawai. Ana yi, amma ka tuna wa ya kira shi. Ya fi ka nemi naka ko da karanta maka takardar kawai zai yi, ya tabbatar an rubuta ranar da za a fita a ba ka gida, wa zai biya tsohon bashin wuta da na ƙasa, yaya za a yi da 'yan haya in akwai, da yadda kuɗinka zai dawo in matsala ta ɓullo. Kuɗin kuma ka tura ta banki zuwa asusu mai sunan wanda ke jikin takarda, kar ka tura wa dillali ko ƙanin mai gida. Kawu dai a ƙarshe sulhu aka yi, ya sake biyan kason ƙanwar a farashin ranar, shaguna biyun ma wata takwas suna kulle kafin a gama.