Bakteriyar da ke cikin ƙasa ita ke sa daddawarmu ta nuna

Jama'a assalamu alaikum, musamman iyayenmu mata masu sana'ar daddawa. Da yawanmu da an ce bakteriya sai hankali ya tafi kan cuta, alhali akwai wata mai suna Bacillus subtilis da ke zaune cikin ƙasa da jikin ganye da tsofaffin kwanduna, ita ce ke yi muku aiki duk lokacin da kuka dafa kalwa kuka surfe kuka wanke, kuka sake dafawa kuka zuba a kwando kuka rufe da ganye da buhu kwana biyu ko uku. Tana fitar da wasu sinadarai da ake kira enzayim, su ke farfasa furotin ɗin kalwar, shi ya sa in kun buɗe za ku ji ɗumi, ku ga yauƙi yana jan zare, ga warin nan mai hawa kai, kuma daga nan ne ɗanɗanon da ke gyara miyar kuka yake fitowa. Mutanen Japan ma da wannan bakteriyar suke yin natto ɗinsu na waken suya.

To wallahi dangin nan nata manyan kamfanoni ke kiwo a tankuna suna sayar da enzayim ɗin. Bacillus licheniformis tana ba da enzayim mai suna amilas mai jure tafasa, da shi ake narkar da sitacin masara ya koma ruwan sukari na alawa da biskit, sai a sa wani enzayim daga Streptomyces, ita ma ta cikin ƙasa, ya juya shi ya ƙara zaƙi don lemon kwalba. Kamfanin Novonesis na Denmark, wanda a da ake kira Novozymes, yana da wani enzayim da ake sa wa fulawa burodi ya daɗe bai bushe ba. Ilimin da kakanninmu suka riƙe a ƙwarya ne, don haka ina jin takaici in ga an raina daddawa ana gudu wajen dunƙule.

Amma fa a kula, a ƙasar dai akwai 'yar uwarta Bacillus cereus mai sa amai da gudawa, kuma ƙwayayenta ba sa mutuwa da dafuwa. Dan Allah kar a shanya daddawa a ƙasa tsirara inda kaji da awaki ke bi, a ɗora a tabarma mai tsabta a sama, a wanke hannu kafin a dunƙula, ruwan wankin kalwa ya zama mai kyau, in kun ga funfuna baƙa ko kore a zubar kawai. Haka shinkafar da ta kwana a tukunya cikin zafi, dafin da cereus ke zubawa a ciki ɗumame ba ya kashe shi, a dafa daidai ci, in ta rage kuma a sa a firij da wuri kafin ta yi awa biyu a waje.