Mene ne RCM a Harkar Kula da Injinan Masana'antu?

RCM (Reliability-Centered Maintenance a Turance) taƙaitaccen suna ne na wani tsarin kula da injina wanda ya kamata duk mai aikin gyara a masana'antun Kakuri ko Kudenda da ke Kaduna ya fahimta. Ma'anarsa ita ce a tsara sabis da gyara bisa aikin da ake son inji ya ci gaba da yi, da kuma girman asarar da tsayawarsa za ta jawo, ba bisa kalanda kaɗai ba.

Tsarin ya samo asali ne daga harkar jiragen sama. A 1978, Stanley Nowlan da Howard Heap na kamfanin United Airlines suka rubuta wa Ma'aikatar Tsaron Amurka rahoto, inda suka nuna cewa kusan kashi 11 cikin ɗari ne kawai na sassan jirgi suke lalacewa saboda tsufa, sauran kuwa lalacewarsu ba ta bin shekaru. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne, mafi yawansu sun fi samun matsala jim kaɗan bayan an ɗaura su. Ke nan, kwance lafiyayyen inji don kawai lokacin sabis ya yi na iya sa masa cutar da ba shi da ita.

Saboda haka ake bin kowane inji da tambayoyi: mene ne aikinsa, ta wace hanya zai gaza, me ke haddasa hakan, kuma me zai biyo baya? A ɗauki famfon ruwa da boris ɗinsa ke yawan ƙonewa. Sauya boris bai magance komai ba idan ba a gano ko ƙurar hunturu ce ke shiga giris ba, ko an cika giris ɗin fiye da kima, ko kuwa ba a saita famfon daidai da injin lantarkin da ke juya shi ba. A ganina nan ne aikin yake, kuma makanikin da ke tsaye kan injin kullum ya fi kowa sanin amsar, don haka bai dace a zauna tsara jadawali babu shi ba.

Amsoshin ne ke nuna matakin da za a ɗauka. Wani sashen ana auna girgizarsa da zafinsa, a gwada baƙin mansa, domin a tari matsala tun tana ƙarama. Na'urorin kariya, irin bawul ɗin da ke sakin tururi a tukunyar boila, gwada su ake yi lokaci-lokaci, domin lalacewarsu a ɓoye take sai ranar da aka buƙace su. Wanda kuwa ba shi da haɗari ko tsada, da gangan ake barinsa ya yi aiki har ya mutu, a tanadi madadinsa a sito.