Kafin a ɗaga maka riga a asibiti

Aikin jinya nake yi a nan Jos, kuma ƙa'idata ita ce ba na taɓa jikin mutum sai na gaishe shi, na gaya masa abin da zan yi, ya ce to. Wasu abokan aiki na ganin ɓata lokaci ne, musamman da safe in layi ya kai bakin ƙofa. Amma wanda aka daka wa tsawa ba ya faɗin ainihin ciwonsa. Dattijuwar da fitsari ke zubo mata za ta ce kanta ne ke ciwo muddin labule na buɗe, sirikinta kuma na tsaye a kanta. A ja labule, a sallami maza, a sassauta murya a ce, "Mama, ina ne ke damun ki?" Nan take magana za ta fito.

Wannan ba alfarma ba ce. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta a sanar da majinyaci halin da yake ciki da hanyoyin maganin da ake da su, cikin harshen da yake ji. Ta hana a tona sirrinsa, ta kuma hana a ƙi taimakon wanda aka kawo cikin gaggawa. A 2018 Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin majinyata a Abuja. Don haka in za a yi maka allura, tambayi ta mece ce. In an yi maka bayani da Turanci ba ka gane ba, ka ce a maimaita da Hausa.

Gaskiya ne mun yi kaɗan, da yawa sun tafi Ingila da Saudiyya, na gida kuma gajiya ta yi musu katutu. Duk da haka gajiya ba ta halatta wulaƙanci. In an ci mutuncinka, nemi shugabar ɗakin ka kai ƙara.

Ku kuma masu zaman jinya, akwai naku. Wanda ba ya iya motsi, a riƙa juya shi duk bayan awa biyu, a duba ƙugu, diddige da kafaɗa. In wuri ya yi ja kuma jan bai baje ba, ku kira mu kafin ya zama gyambo. Ga sanyin Jos lokacin hunturu: a goge masa jiki da ruwan ɗumi gaɓa-gaɓa, sauran jikin a lulluɓe. Masu dubiya su wanke hannu, su shigo bibbiyu, kuma don Allah a daina cewa "irin ciwon nan ne ya kashe wane" a gaban mara lafiya, ko da idonsa a rufe yake, sau da yawa yana ji. In kuma kun ba shi jiƙo ko wani magani daga gida, ku faɗa mana sunansa da lokacin da ya sha, don wani ba ya jituwa da na asibiti.