Kafin dainoso wa ke yawo a duniya? Tambayoyi da amsoshi

'Yan kasuwar duwatsu a nan Jos sun fara tura hotunan duwatsu masu ƙashi a ciki, ana cewa wai na dabbobin da suka riga dainoso ne, kuma tambayoyi sai shigowa suke, har da masu cewa "Malam nawa zai yi?". Bari mu bi su.

Wai dama akwai masu jan ciki kafin dainoso?

Sosai ma. Dainoso sun fito ne wajen shekara miliyan 230 da suka wuce, alhali Hylonomus, wanda ake lissafawa cikin masu jan ciki na farko-farko, ya yi zamani kusan shekara miliyan 312 baya. Ɗan mitsitsi ne, kamar santimita 20 har da wutsiya. A Joggins aka same shi, bakin teku a Kanada, cikin kututturan bishiyoyi masu kogo da suka zama dutse, William Dawson ya raɗa masa suna a 1860. Abin da ya raba irinsu da kwaɗi shi ne ƙwansu na iya zama a tudu, ba sai an koma ruwa ba.

Shi mai doguwar ƙaya a gadon baya da ke cikin kayan wasan yara fa?

Dimetrodon kenan, kuma ba dainoso ba ne, ya ƙare wajen shekara miliyan 40 kafin dainoso na farko. Hasali ma ya fi kusa da dabbobi masu shayarwa. A jar ƙasar Texas ta Amurka aka fi tono shi.

To in na duba ramukan kuza na Bukuru ko Barikin Ladi zan dace?

Gaskiya a'a, kar ma ka wahalar da kanka. Duwatsun Filato irin na Shere da Riyom narkakken dutse ne da ya huce ya daskare, duk ƙashin da ya shiga wannan zafin ya tafi kenan, haka Aso da Zuma ga mutanen Abuja. Ƙashi yana tsira ne inda laka ko yashi ya binne gawa da wuri, ya yi ta taruwa hawa-hawa har ya zama dutse. Muna da irin wannan a kwarin Binuwai da yankin Sakkwato, amma akasari na ƙarshen zamanin dainoso ne ko bayansa, misali Goronyosaurus, dabbar teku da aka sa wa sunan Goronyo. Kawunan mutum-mutumin yumɓu na Nok dai kam an tono su a wajen haƙar kuza, amma wannan aikin hannun mutum ne, shekaru dubu biyu da wani abu kawai.

Abin da ya fi burge ni, kuma ba kowa ya sani ba, maƙwabtanmu na Nijar suna da ainihin kayan. Kusa da Arlit, inda ake haƙar yuraniyom, akwai duwatsun da suka haura shekara miliyan 250. Nan Bafaranshe Philippe Taquet ya bayyana Moradisaurus a 1969, mai haƙora jere-jere layi da yawa don niƙa ganye, sannan a 2003 Christian Sidor da abokan aikinsa suka fito da Bunostegos, girman saniya, kansa duk ƙulu-ƙulu na ƙashi, mummuna ne na gaske wallahi. Ragowar sunansa ma, akokanensis, daga Akokan aka ɗauko, wani gari kusa da Arlit.

Ya ake tono su?

Tafiya ce a ƙasa cikin rana, ido na kan inda ruwa ko iska ya zaizaye. In an ga ƙashi ya leƙo ba a finciko shi, sai a ɗau hoto a rubuta daidai wurin da kuma hawan dutsen da yake ciki, a zuba masa gam ya riƙe, a naɗe da tsumma da filasta a ɗauke shi da dutsensa gaba ɗaya, fitar da shi a ɗakin bincike kuma da allura da burushi yakan ci watanni. Wannan rubutun wurin shi ne rabin darajar abin. Mesosaurus da aka samu a kudancin Afirka aka kuma samu a Brazil, ya zama ɗaya daga cikin hujjojin masanin nan Bajamushe Alfred Wegener cewa nahiyoyin biyu a haɗe suke a da, da ace wani ya kwashe ya sayar ba a san daga ina ba, ai shikenan.

Ya halatta in saya ko in sayar?

Ya danganta da ƙasa. A Afirka ta Kudu, inda yankin Karoo yake cike da irin waɗannan ƙasusuwa, dokar 1999 ta hana tonowa ko sayarwa sai da izinin hukuma. Brazil ma kayan gwamnati ne. A Amurka kuwa abin da aka samu a gonar mutum nasa ne, shi ya sa haƙoran Dimetrodon ke yawo a kasuwar intanet.

Ya zan gane na bogi?

In ka ga ƙwarangwal ya fito tsaf, babu karaya ko ɗaya, yatsu duk sun cika, kuma farashin ya yi araha, toh ka ja baya. Da yawa sassaƙa ne aka bi da fenti, wasu kuma guntaye daban-daban aka liƙa da gam. Sa gilashin da kuke duba duwatsu da shi, ƙashin gaske za ka ga 'yan ƙananan ramuka inda ya karye. Ka tambayi mai kayan ƙasar da aka tono da takardar fitarwa, in ya ce maka daga Rayfield ne a nan Jos ka san amsar da kanka. In har yanzu kana kokwanto, kai shi sashen nazarin duwatsu na Jami'ar Jos su duba maka.